SHATAN FAIFAI DA SHATAN KASET

Wata gardama ce ta sa na ɗauki alƙalami. Rannan a majalisarmu ta nan Bici, bayan mun gama ɗaurin gero, wani yaro ya kunna Bakandamiya a wayarsa. Nan take Baffana ya ce, "Kai yaro, kashe! Wannan ai ba Shatan da na sani ba ne." Muka yi ta musu har aka kira isha'i. Da na koma gida sai na zazzago kaset-kaset ɗin marigayi mahaifina, waɗansu an kwafo su ne daga faifan garmaho. Ga abin da kunnena ya gaya mini.

Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa a 1923, daga dandali ya taso, inda kiɗa na ƙafa ne. Shi ya sa a waƙoƙinsa na farko za ka ji muryar siririya ce mai tsini, kalangu na gudu, 'yan amshi na cafewa tun bai dire ba. Ga shi kuma faifai ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci, dole a faɗi magana a gurguje.

Da kaset mai minti 60 da 90 ya zo, sai wuri ya samu. Murya ta yi kauri, kiɗa ya nutsu, Shata ya riƙa ja da baya yana barin kalangu ya yi magana, sannan ya dawo da habaici.

To wa ya fi? Gaskiya Baffa na da hujja. A waɗansu waƙoƙin na baya, jeren sunayen masu kyauta yakan yi yawa har zaren waƙa ya kuɓuce. Amma a kan Bakandamiya ban bi shi ba. Waƙar kirarin kai ce. In yaro ya yi kirari, cika baki ne, in dattijo ya yi, shaida ce. Mutumin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988 ya riga ya ga jiya ya ga yau, kuma kana jin haka a maƙogwaronsa.

Abin da ke damuna shi ne, tun da ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, kaset ɗin nan sai lalacewa suke yi. Na waya kuwa an cakuɗa su, ba shekara ba bayani, yaranmu sun zaci Shata ɗaya ne. Alhali kowa ya san ɗanyar gyaɗa daban, soyayya daban. Mai tsohon kaset a ɗaka, don Allah ya fito da shi a kwafe, a rubuta abin da aka sani a kansa.

Baffa dai har yau bai yarda ba. Allah ya jiƙan Shata, amin.