Jinjina ga masu ɗaukar hoton halittar Allah a Arewa

Duk wanda ya bi babbar hanyar nan da ta taso daga Dosso, ta ratsa Kore Mairuwa, ta nufi Dogondoutchi, idan ya riski wani saurayi durƙushe a bakin tafki tun bayan sallar asuba, waya ko kyamara a hannu, yana dakon balbela ta sauka bayan saniya, to, kada ya ɗauke shi marar aikin yi, domin sana'arsa ta ginu ne a kan haƙuri da tafakkuri, waɗanda malamanmu suka daɗe suna yabo.

Ni kam, gawo ne ya fara koya mini darajar masu ɗaukar hoton nan. Bishiya ce da ke zubar da ganye da damina, sa'ad da sauran itatuwa ke ado, sannan ta yi kore shar da rani. Na shekara talatin ina wucewa ƙarƙashinta a Dallol Mawri ban lura da wannan al'ajabi ba, sai da wani yaro ya nuna mini hotuna biyu na gawo guda, ɗaya na watan Agusta, ɗaya na Janairu. Abin da ya zaɓa ya ɗauka ya bayyana mini zuciyarsa fiye da dogon zance.

Wasunsu kan kai har Kure, wajen raƙuman dawa, waɗanda a 1996 saura 49 kacal. Wasu kuwa shamuwa suke jira, su ɗauke ta ranar da ta iso da busharar damina, kafin manomi ya ɗauki sungumi.