Wautar Kura: Sharhi a kan Wawa cikin Tatsuniyar Hausa

A cikin wannan ɗan sharhi muna so mu sake duba wata fahimta da ta zama ruwan dare wajen nazarin tatsuniya, wato cewa Gizo shi ne mai wayo, Kura kuwa wawiya. Tun daga tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 har zuwa waɗanda ake karantawa a makarantu, haka ake raba su. Denise Paulme, cikin La mère dévorante (1976), ta yi nazarin mayaudari, wanda ta kira « décepteur ». Wanda aka yaudara kuwa, masu nazari ba su cika tsayawa a kansa ba. Sai a fassara shi da « sot » a wuce.

A ganinmu wannan fassara tana ɓoye wani bambanci da Hausa take yi. Jahili bai sani ba; shi ake nufi da kazar da ta kwana kan dami. Mahaukaci ya rasa hankali, ba a kama shi da laifi. Wawa kuwa yana da hankali, an kuma gaya masa gaskiya, amma ya ƙi aiki da ita.

Mu ɗauki tatsuniyar da aka sani a wurare da dama na Afirka ta Yamma, inda Gizo da Kura suke shiga cikin saniya, wasu su ce giwa, su yanki nama. Sharaɗi ɗaya ne: kada a taɓa zuciya. Kura ta ji sharaɗin, ta kuma san sakamakonsa, duk da haka ta yanka. Dabbar ta mutu, hanyar fita ta toshe, Kura ta sha duka. Ke nan ba ilimi ya gaza mata ba, kwaɗayi ne ya rinjayi abin da ta sani.

Shi kansa Gizo bai tsira ba. Sau da yawa zarinsa yakan tona masa asiri, ya ƙare da gudu, alhali Ƙoƙi ta riga ta yi masa kashedi. Saboda haka wauta a tatsuniya hali ce da take faɗa wa mai wayo da mai ƙarfi duka, duk lokacin da ciki ya yi gaba, hankali ya biyo baya. Wawan sarki ma, wanda aka laƙaba wa sunan, shi ne mai faɗa wa sarki abin da fadawa suke tsoron faɗa.

Wannan batu yana da nauyi ga masu koyarwa. Idan muka ce wa ɗalibai Kura dabba ce marar basira, darasin da za su ɗauka shi ne wanda aka cuta shi ya ja wa kansa, macuci kuma ya cancanci yabo: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Idan kuwa muka nuna musu inda ta san gaskiya ta kauce, to, za su gane kansu a cikinta. Muna ba da shawara a riƙa barin kalmar wawa yadda take cikin fassara, a yi mata bayani a ƙasan shafi.