Igwar Tanimu da Abin da Masu Labari Suka Tsallake

Masu ba da labarin yaƙe-yaƙen da, daga Kazaure har Ɓaɓura, in sun zo kan Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu cikin 1884, sai su tsaya kan rugugin igwarsa da yawan 'yan bindigarsa. Labarin da daɗin ji, amma fa rabinsa aka faɗa. Ba mai tambaya ina bindigogin suka fito, balle da me aka saye su.

Igwa dai a Damagaram aka ƙera ta, amma bindigogi masu yawa fataken Tarabulus ne suka ƙetaro Hamada da su, su kuwa daga Turai suka samo. Cikin abin biya har da bayi. To, ina aka kamo bayin? Waɗansunsu a ƙauyukan kan iyaka irin na ƙasar Kazaure, waɗanda ke kan hanyar Damagarawa in sun nufo Kano. Watau da bindiga aka kama manomi, sa'an nan aka sayar da shi aka ƙaro wata bindigar. Manomin nan ba shi da kirari, shi ya sa maroƙa suka manta da shi.

Cikin 1890 Turawa suka taru a birnin Burusal, suka hana sayar da bindigogin zamani a yawancin Afirka. Kansu dai ba su hana ba, gama da irinsu aka ci Kano a 1903. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 kuma, makaman da ƙasashen waje suka sayar wa Libiya, ta Hamadar nan suka gangaro kudu.