Nazari a Kan Shirin Kokawa na "Wrestling Society X": Zubinsa da Karɓuwarsa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba wani shirin kokawa mai suna Wrestling Society X, wanda gidan talabijin na MTV da ke Amurka ya nuna a 2007, domin gano dalilan da suka hana shi tsawon rai. Ya kamata mu fayyace tun farko cewa irin wannan kokawa ta sha bamban da wadda muka sani a dandali bayan kaka, domin akan tsara wanda zai yi kaye da wanda za a kayar tun kafin a shiga fage. Saboda haka za mu auna ta da ma'aunin wasan kwaikwayo.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Kevin Kleinrock da kamfanin Big Vision Entertainment ne suka shirya shi, aka ɗauke shi a Los Angeles. An fara nuna shi ran 30 ga Janairu, 2007. Kashi goma aka tsara, kowanne na rabin sa'a. MTV ta dakatar da kashi na huɗu har sai da aka tace wurin da Ricky Banderas ya watsa wa Vampiro wuta a fuska. A watan Maris aka jero kashi biyar a dare guda, na goma kuwa ba a nuna shi a tashar ba.

3.0 Zubi da Tsari

Babban raunin shirin shi ne ƙarancin lokaci. In aka cire tallace-tallace da wasan mawaƙan da akan gayyato, abin da ya rage wa kowane karo mintoci kaɗan ne. Alhali kuwa ginshiƙin wannan wasa shi ne gaba tsakanin taurari, wadda akan yi makonni ana rura wutarta da cika baki kafin ranar haɗuwa. A nan kuwa, a kashi na biyu Vampiro ya kayar da 6-Pac ya ɗauki kambu, tun mai kallo bai san abin da ya haɗa su ba.

Na biyu, an yi amfani da na'ura wajen ƙara fashewar wuta da girgiza hoto. Mai kallo ya san an tsara sakamako, amma ya yarda cewa faɗuwar da yake gani jikin mutum ne ya sha ta. Da na'ura ta shigo, sai wannan 'yar gaskiyar da ta rage ta shiga shakka.

4.0 Karɓuwa

Shirin ya nemi jama'a iri biyu, wato matasan MTV masu son kiɗa da kuma masoya kokawa, ga shi taura biyu ba ta taunuwa. Bugu da ƙari, daren Talata ake nuna shi, daidai lokacin da shirin ECW na kamfanin WWE yake gudana a tashar Sci Fi. Amma ba za a ɗora laifin a kan 'yan wasa ba. Alal misali, Tyler Black shi ne ya zama Seth Rollins, wanda ya ci kambun WWE a 2015. Banderas kuma ya fito da sunan Mil Muertes a Lucha Underground (2014 zuwa 2018), shirin da ya bi salon fim shi ma, amma ya ba labari sa'a guda, ya kuma yi zango huɗu.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa an tara gwanaye amma ba a ba su fili ba, an kuma fifita ƙawa a kan labari. Wannan abin lura ne ga masu tsara wasan kwaikwayo na talabijin: sai mai kallo ya san tauraro, ya damu da makomarsa, sannan zai dawo mako mai zuwa.