Sikut ya iya ƙulli, me ya hana shi iya waƙa?

Duk wanda ya taɓa ganin ƴan sikut sun jeru ranar 3 ga Agusta ko 18 ga Disamba, fulawar a wuya, ƙafa na faɗuwa lokaci guda, ya san waƙa ce ke riƙe da su. Da ita suke tafiyar ƙasa ba su ji gajiya ba, da ita suke raba dare gaban wuta a sansanin hutu. Yaron da ko gaban mushe ba ya iya ɗaga murya, in ya yi wata uku cikinsu sai ka ji shi yana ba da waƙa ana amsa mishi. Wannan alheri ne, ba mai musun shi. Abin da nike suka shi ne yadda ake koyar da waƙar.

Tun da Baden-Powell ya yi sansaninshi na farko a Ingila a 1907, tsarin sikut ya tsaya kan abu guda: yaro ya koya da hannunshi. Ba a karanta mishi yadda ake ƙulli, igiya ake miƙa mishi. Ba a zana mishi wuta a allo, itace ake ba shi. To amma da an zo waƙa sai tsarin ya juye. Shef ya rera, yara su maimaita, a sake, a sake, har ta zauna. Yawancin waƙoƙin da Faransanci suke, wasu kuma sun bi baki da baki har kalmominsu sun narke, shi kanshi mai koyarwar bai iya gaya maka me suke nufi. Ka tambayi ƙaramin da bai gama firamare ba abin da ya kwashe awa yana ihu a kai, sai ya yi dariya ya sunkuyar da kai. Wannan ba koyo ba ne, haddar aku ce, irin wadda muke kuka da ita a lakwal.

Za a ce mini Faransancin yana da amfani: rukuni guda a Yamai ya haɗa Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Buzu, kuma in an gamu da ƴan sikut na Benin ko Burkina da waƙoƙin nan ake gaisawa. Gaskiya ne, kar a zubar da su. Amma a fassara wa yaro abin da yake rerawa, minti biyar ya isa. Kuma in haɗin kai ake nema, wace hanya ta fi yaron Maraɗi ya iya waƙa guda da Zabarmanci, na Doso ya iya guda da Hausa? Ƙasar da ta sake taken ƙasarta a 2023, ta ajiye wanda Bafaranshe ya rubuta mata tun 1961, ai ba ta rasa dalilin duba abin da ƙananan yaranta ke rerawa ba.

Sai dai mayar da kalmomi Hausa kawai ba zai warkar da ciwon ba, don aku ko da Hausa ya yi hadda aku ne. Maganin shi ne yara su ƙirƙira da kansu. Ku dubi ƴan mata a dandali suna gaɗa: ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa da tafi, nan take a saka sunan wance, a tsokani wane, a ƙara baiti. Ba wanda ya buɗe musu aji. Wannan tsarin bayarwa da amshi shi ne dai na waƙar sikut, bambancin kawai a dandali ana ƙirƙira, a sansani ana maimaitawa. Me zai hana kowane ƙaramin rukuni na yara shida ko takwas ya tsara waƙarshi a kan abin da ya gani ranar, rijiya ce, dashen itace ne, ko tuwon da ya ƙone, ya kawo ta gaban wuta da dare?

Haka kayan kiɗa. Yaron da ya iya ɗaure sanduna ya yi teburi ba zai kasa haɗa gurumi ba: ƙoƙo, fata, sanda da tsirkiya. Sarewar kara ko dala ba ta ci. In ya haɗa da hannunshi zai gane dalilin da tsirkiya in an ja ta muryarta ke hawa, in an sassauta ta sauka. Ga ilimi ga wasa. Masu koyarwa kuma ba su yi nisa ba. Tawa ce garin Ɗan Gurmu, wanda gasar kiɗa ta ƙasa ke ɗauke da sunanshi. A Yamai akwai cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya tun 1989, da tarin kayan kiɗan gargajiya a cikinta. Kowace unguwa tana da mai kalangu ko mai goge da zai ji daɗi a kira shi malam na yini guda.

Na san inda gizo ke saƙa. Iyaye da dama na ganin kiɗa aikin maroƙa ne, wasu kuma don addini suke ƙyamar shi. Uban da ya yarda ɗanshi ya yi ihu da Faransanci, yana ganin gurumi a hannunshi zai ce an lalata mishi yaro. Wannan ba a maganin shi da raini. A je a zauna da iyayen, a nuna musu kalmomin waƙar, a ba su labarin Malam Maman Barka: malamin makaranta ne, ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna gaban tsoho Bukar Tar ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, lokacin da ya kusa ɓacewa. Ya rasu a 2018, ba wanda ya ce roƙo ya yi.

Ƴan uwa, da yawa cikinmu mu ne shef-shef ɗin yaran nan lokacin hutu. Ba sai mun jira wata takarda daga sama ba. Sansani mai zuwa, a ware dare guda wanda ba za a rera komi ba sai abin da yaran suka tsara, da kayan da suka haɗa. Zai yi daɗi ko ba zai yi ba, kowa dai zai san abin da bakinshi ke faɗi.