Gari ko Gari? Sharhi Kan Waƙoƙin Taro a Kudancin Kano

Ba waƙa muka fita nema ba. Mu huɗu ne, dukkanmu malaman sakandare, muka shirya mu yi Asabar da Lahadi muna zagaya wuraren masu sana'ar hannu daga Bebeji zuwa Doguwa, domin mu tattaro wa ɗalibanmu sunayen kayan aiki, ganin cewa yaron aji shida a yau zai rubuta maka shafi uku a kan soyayya amma bai san abin da ake kira awartaki ba. Sunayen kam mun samo su, suna nan cikin littafin aljihu. Sai dai abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne wasu waƙoƙi da muka ji ana rerawa a taro, kuma a kansu ne muke son mu yi magana da 'yan'uwa marubuta, musamman masu fara gwada hannu a rubutacciyar waƙa.

Mun fara da wata maƙera a gefen Bebeji, garin da aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, wanda ke kan tsohuwar hanyar fatake tsakanin Kano da Zariya. Maƙerin dattijo ne. Tama dai an daɗe da barin narka ta, da ƙarafan tsofaffin motoci yake ƙera fartanya da garma da lauje. Yaro na zuga wuta da zugazugi, wani saurayi na sauke masaba a kan uwar maƙera, shi kuma yana juya ƙarfen da awartaki. Muka ce masa, "Baba, yaya kake gane ƙarfe ya isa bugu?" Ya ce, "Malam, ido yana gani, amma kunne ya fi shi. In ƙarfe bai nuna ba ka buge shi, kukansa daban ne, kuma tsagewa zai yi." A wani ƙauye na ƙasar Kiru kuwa, wata mai ginin tukwane ta ɗauki tulun da ya fito daga gashi ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta ware shi gefe. Mu ba mu ga tsaga ba. Ita ta ji ta.

Daga Kwanar Ɗangora muka ɗauki hanyar Tudun Wada, muka isa bayan La'asar. Abokin da ya sauke mu ya kai mu wata makarantar Islamiyya inda 'yan mata kusan ashirin ke gwajin waƙoƙin walimar saukar karatu. Babu wadda waƙa ce sana'arta, kuma muryoyin ba duka ne masu zaƙi ba. Waƙa biyu muka saurara. Ta farko tsohuwa ce, 'yar ƙwar biyar, ta nasiha, ba kiɗa ba komai. Guda ta ja baiti, saura su karɓa, kuma babu kalmar da ta ɓace mana, har wani tsoho da ke alwala a nesa yana bin su da baki. Ta biyu sabuwa ce, wani matashin malami ya tsara ta a kan karin wani fim ɗin Indiya, kan muhimmancin ilmin 'ya mace. Manufa mai kyau, yaran kuma sun fi son ta, don har rangaji suke yi. To amma a amshinta akwai kalmar tafi, wato ta tafiya makaranta, sai karin ya faɗo da tsawo daidai kan gaɓar farko. Abin da kunne ke ji shi ne tafi na hannu. Sau bakwai aka maimaita amshin, sau bakwai ana umartar 'yan mata su yi tafi.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai ƙaramin abu ne. A nan muka saɓa. Hausa harshe ne da tsawon wasali ke raba ma'ana, ko da yake rubutun boko ba ya nuna shi. Gari na mutane gaɓarsa ta farko gajera ce, gari na tuwo doguwa. Jima ta lokaci gajera, jima ta majema doguwa. A kan wannan bambanci na gaɓa mai nauyi da marar nauyi aka gina awon waƙar Hausa, kuma shi ya sa ma'aunan Larabci, waɗanda Halilu ɗan Ahmad ya tsara tun ƙarni na 8, suka zauna wa Hausa daram, har Farfesa M.K.M. Galadanci ya kira abin aure tsakanin waƙar harsunan biyu a wata maƙala ta 1975. Tsohuwar waƙar nan da ta shiga kunnenmu ba wahala, mai ita ya auna kowace gaɓa ne kafin ya ajiye ta. Shi kuwa matashin malamin, kari ya ɗauko da aka ɗinka wa wani harshe, ya cusa kalmomin Hausa ciki, inda suka ƙi shiga ya ja su da ƙarfi.

Kada a fahimce mu da cewa aron kari laifi ne. Masu bandiri a birnin Kano sun daɗe suna ɗora begen Annabi (SAW) a kan karin Indiya, kuma ƙwararrun cikinsu sukan yi ta sauya kalma har sai sun sami wadda nauyinta ya dace da gurbin. Ɗaya daga cikinmu ma ya kawo hujjar cewa Mamman Shata kansa yana jan kalma yadda ya ga dama. Gaskiya ne yana ja, amma a saurara da kyau, galibi a ƙarshen layi yake ja, inda gaɓa ke da sassauci, ba a cikin cikin kalma ba inda ma'ana take.

Ranar Lahadi da hantsi muka ratsa dajin Falgore muka shiga ƙasar Doguwa. Wani abokin aikinmu Kirista, Bahaushe ɗan asalin yankin, shi ya gayyace mu ƙauyensu mu ji matan zumunta. Bayan an tashi daga sujada suka fito gindin wata bishiya suna gwajin waƙoƙin wani taro da za su je, mu kuma aka shimfiɗa mana tabarma a gefe. Manoma ne da masu ƙananan sana'o'i, wasu da goyo. Kayan kiɗansu tulu ne da ake bugun bakinsa, da caki, da ƙaramar ganga. Tulun nan ma, ashe, irin wanda muka gani ana ƙwanƙwasawa ne a ƙasar Kiru.

Abin da muka ji a Tudun Wada shi muka sake ji a nan, sai dai ta wata ƙofa. Sun fara da waƙa daga littafin waƙoƙin coci, cikin waɗanda aka fassara daga Turanci tun zamanin 'yan mishan aka bar su da karinsu na Turai. Awon waƙar Turanci a kan danna gaɓa yake tafiya, ba ruwansa da tsawon wasalinmu. Saboda haka da aka zo ambaton gari na sama, inda masu bi ke fatan zuwa, sai kari ya miƙe gaɓar farko, ya zama garin tuwo. Su ba su ji ba, domin sun tashi da waƙar tun suna yara, sabo kuma yakan toshe kunne. Sun rera ta da nutsuwa da girmamawa, amma a tsaye cik, kamar mai sanye da rigar aro.

Da suka juya kan tasu, wadda suka tsara da kansu, sai ka ce ba su ba. Labarin ɗan nan ne da ya karɓi gadonsa ya tafi ya ɓatar, amma sun sa shi cikin zubin waƙar daka: jagora ta ba da layi, saura su amsa, tulu na cike gurbin taɓarya. Jimlolin gajeru, kalmomin na cikin gida, dusa da akushi da bakin ƙofa. Ba mu ji an karya kalma ko ɗaya ba. Muka tambayi shugabarsu, "Mama, wa ya tsara muku wannan?" Ta ce, "Malam, ba mutum ɗaya ba ne. Wata ta kawo, mu gwada, inda ya ƙi baki mu canza." Ba ta taɓa jin sunan arulli ba, amma aikin da ta bayyana shi ne aikinsa. Ba za mu ce waƙar ba ta da aibi ba. Ta yi tsawo ƙwarai, kuma baitocin ƙarshe sun bar labarin sun koma jero gargaɗi, har kiɗan ya fi maganar ƙarfi. Da mu ne da mun yanke ta a inda uban ya hango ɗansa daga nesa.

To, ina ruwan marubuci da duk wannan? Ruwansa shi ne, yawancin waƙoƙin da matasanmu ke karantawa a zaman ƙungiya amsa-amo kaɗai suka sani. Muddin kowane baiti ya ƙare da "-wa" ko "-ba", shi ke nan an yi waƙa. Ɗango ɗaya gaɓa tara, na biye da shi goma sha huɗu, sai mai waƙar ya haɗiye wasu ya ja wasu lokacin rerawa, ya rufe ɓarakar da muryarsa. A bakinsa kaɗai waƙar ke tafiya. Imfiraji ta Aliyu Namangi kuwa ta yawata a bakin makafi da almajirai da matan aure waɗanda ba su taɓa ganin sa ba, domin duk wanda ya kama karin baiti ɗaya zai iya rera saura. Matan Doguwa suna da abin da mai rubutu shi kaɗai a ɗaki ba shi da shi, wato bakuna ashirin da za su gwada masa kowane layi su dawo masa da wanda ya ƙi.

Don kada a ce muna jifa daga inuwa, mun gwada abin a kanmu. Akwai wata waƙa da muka rubuta kan Dam ɗin Tiga, wanda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma mun sha karanta ta a taro ana yaba mana. A hanyar dawowa muka sake tsayawa a Tudun Wada, muka rera wa 'yan matan nan baiti na farko, muka miƙa musu takardar su ci gaba. Na biyu ya tafi, na uku ya tafi da ɗan tuntuɓe. A na huɗu suka tsaya cak, suka sake ɗauka, suka sake tsayawa. Wata ƙarama a cikinsu ta ɗaga kai ta ce, "Malam, nan wurin kamar akwai kalmar da ta yi yawa." Muka ƙirga a mota. Gaɓa biyu ne suka yi yawa, kuma shekara uku muna haɗiye su ba mu sani ba.