Gidan Makama da Rabon Kudancin Ƙasar Kano a Cikin Tarihi

Gidan Makama, wanda ke daura da fadar Sarkin Kano, shi ne babban gidan adana kayan tarihin birnin Dabo. An gina shi a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da shi a matsayin ofis, yanzu kuwa yana hannun Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Duk wanda ya ratsa zaurukansa zai yaba. Ginin kansa, da azara da bakan gizo, darasi ne a kan gwanintar maginan Hausa. Ga tsoffin ƙyamaren ƙofofin gari, ga bayanin ganuwa, ga kayan yaƙi da na hawan salla, ga hotunan sarakuna.

Sai dai mai ziyara daga Birnin Kudu ko Gwaram zai fito da tambaya a ransa. Nauyin labarin ya karkata ne ga birni da fada, alhali ƙasar Kano ba a bakin ganuwa ta tsaya ba. Har zuwa 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, garuruwan nan biyu a Jihar Kano suke. A ƙarni na 19 kuwa su ne bakin daga tsakanin Kano da Ningawa, musamman a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Hare-haren da suka ci gonakin kudu da mutanenta suna cikin kuɗin da aka biya kafin Kasuwar Kurmi ta ci lafiya. Wanda ya kalli sulke da kwalkwali a ɗakin nuni bai san inda aka sa su aka yi gumurzu ba, rabin labari ya ji.

Har ila yau, akwai shaidar da ba ta ɗaukuwa zuwa birni. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude da ke Birnin Kudu akwai tsoffin zanen shanu marasa tozo a jikin dutse, da duwatsu masu amo idan an buga su, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Irin waɗannan shanu ba su ne makiyayanmu ke kiwo a yau ba, wato zanen yana nuni ga wani zamani da labaran sarauta ba su kai gare shi ba.

Saboda haka ziyarar Gidan Makama ba ta cika sai an haɗa ta da ta duwatsun nan. Ya kamata malaman makarantunmu su kai ɗalibai wuraren biyu. Haka kuma wajibi ne a naɗi bayanan dattawan Gwaram da Birnin Kudu kan zamanin Ningawa tun suna raye, domin idan ƙasa ta rufe idonsu babu ɗakin nunin da zai maido da abin da suka sani.